Sukar Nesa da Sukar Gida

Duk wanda ya jera littattafan da suka fitar da sunan ƙasar Damagaram a fagen adabin zamani zai lura cewa kusan dukkansu da Faransanci aka rubuta su, akasarinsu kuma a Faris aka buga su. Ibrahim Issa, mutumin Gure, ya fitar da Grandes eaux noires a 1959, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da ɗan Nijar ya wallafa. André Salifou, haifaffen Zandar, ya fitar da tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19 a Yamai a 1971, sannan kamfanin Présence Africaine ya buga masa wasan kwaikwayon Tanimoune a 1973. Abdoulaye Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932 ya kuma yi siyasarsa a Zandar, kamfanin L'Harmattan ne ya buga masa Sarraounia a 1980. A wancan zamani, zama marubuci na nufin mutum ya buga aikinsa a tafireta, ya naɗe, ya aika wa wani edita da bai taɓa ganin ganuwar Birni, tsohon garin Zandar, ba, sannan ya zauna jira. In littafin ya fito, masu karanta shi su ne 'yan lakwal da suka yi nisa, da ma'aikatan gwamnati, da malaman jami'a na Turai. Maƙwabcin marubucin a Zango, da limamin unguwarsu, da dogarin da ke tsaye a ƙofar fada, labari kawai suke ji cewa wane ya rubuta littafi, su ce Allah ya ƙara basira, magana ta ƙare. Wannan nisa ya kare marubutan daga irin sukar da ta fi zafi, wato ta mutanen da aka yi rubutu a kansu. A ganina ya kuma hana su abin da marubuci ya fi bukata. Marubucin da yake so a karanta shi a gida dole ne ya yarda a soke shi a gida, aikinsa kuwa shi ne ya koyi rarrabe sukar da ya wajaba ya amsa da wadda ba ta da haƙƙi a kansa.

Damagaram ta daɗe da sanin rubutun da ba a iya mayar masa da martani. A farkon 1851 Baturen Ingila James Richardson ya sauka a Zandar zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa game da harin bayi da hukuncin kisa, ya wuce gabas ya rasu kafin ya kai Kukawa. An buga littafinsa a Landan a 1853. Wataƙila ya faɗi gaskiya a wurare da yawa, wataƙila kuma tafinta ya yi masa ƙari a wasu. Ba wanda ya tashi daga Birni ya ce masa shafi kaza ba haka aka yi ba, domin ba wanda ya san shafin yana nan. Masu tarihi na yau suna aiki da littafin, amma suna yi ne da taka-tsantsan, saboda shaida ce da ba a taɓa yi mata tambaya ba a gaban waɗanda ta shafa. Abin baƙin ciki shi ne, shekara ɗari da wani abu bayan haka, 'ya'yan ƙasar da kansu sun sami kansu kusa da matsayin Richardson, ba da son ransu ba: suna rubutu a kan mutanensu cikin harshen da mutanen ba sa karantawa.

Labarin Sarraounia ya fi kowanne nuna abin da wannan ke jawowa. Mamani ɗan gwagwarmaya ne na jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. Bayan an haramta jam'iyyar a 1959 ya yi shekaru yana gudun hijira, galibi a Aljeriya, ya dawo bayan juyin mulkin 1974, sannan ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kountché. Mutumin da ya bi ta wannan hanya ba abin mamaki ba ne ya nemi jarumar da ta ce wa Turawa a'a. Ya same ta a Lugu, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, inda a watan Afrilun 1899 mutanen Sarauniya suka gwabza da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, rundunar da ta bar garuruwa a ƙone a duk inda ta ratsa, wadda kuma ragowarta ce ta ci Zandar a ƙarshen Yulin shekarar. Takardun Faransawa 'yan layuka kaɗan suka ba wannan mata. Mamani ya ɗauki 'yan layukan nan da abin da ya ji a bakin mutane, ya gina mace mai ɗamara, mai jawabi, mai jagorantar mayaƙa, mai buɗe ƙofar garinta ga duk wanda aka zalunta ko wane addini yake bi. Littafin ya karɓu. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Sunan Sarauniya ya shiga littattafan makaranta, ya hau gidan rediyo da talabijin a Yamai, har hukumomin soja na yanzu suka sa shi a kan lambar girma ta ƙasa. Suka mai ma'ana kuwa sai da ta yi shekaru kafin ta iso, kuma daga jami'a ta zo. Masu nazari irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun bi sawun labarin, an kuma fito da abin da mutanen Lugu suka sani tun asali: Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya da ake gada, mai riƙe da ita a keɓe take zaune, ba a san ta da yawo a bainar jama'a ba, kuma hoton da aka sani a duniya ya fi kama da burin Mamani fiye da abin da tsofaffin garin ke faɗi. A lokacin da wannan bayani ya bazu, marubucin ya riga ya rasu. Hatsarin mota ne ya yi ajalinsa a 1993 a hanyarsa daga Zandar zuwa Yamai, inda zai karɓi kyautar Boubou Hama.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da a ce da Hausa littafin ya fito a 1980, ana karanta shi a rediyo mutanen Arewa suna saurare, da ba a yi wata guda ba wani dattijo ya aiko da saƙo cewa ba haka Sarauniya take ba. Da kuma malaman Zandar sun tambayi marubucin dalilin da ya sa sarakunan Musulmi suka fito a labarinsa da irin fuskar da suka fito. Da ya ji zafi, babu shakka. Amma da ya sami damar da bai taɓa samu sosai ba, wato ya tsaya a gaban masu abin ya ce musu: wannan na ji, wannan na karanta, wannan kuma ni na ƙirƙira, ga dalilina.

Za a iya cewa ai littafin ya yi nasara ba tare da wannan ba, don haka darasin shi ne marubuci ya toshe kunne ya yi abin da zuciyarsa ta raya masa. Akwai gaskiya a ciki. Mamani bai ce tarihi yake rubutawa ba, ƙagaggen labari ne, kuma mai ƙagaggen labari yana da 'yancin ya cike gurbin da takardu suka bari. Da ya tsaya jiran izinin kowane mai tarihi, da yau ɗan Nijar bai san Lugu ba. Sai dai nasarar ta zo da bashi, kuma ba marubucin ne ya biya shi ba. Yaron da ya karanta labarin a aji, ya ɗauke shi yadda yake ɗaukar ranar samun 'yancin kai, shi ne ya biya, haka ma mutanen Lugu da aka san sunansu aka kuma sauya musu kamanni. Suka da wuri ba za ta kashe littafin ba. Abin da za ta yi shi ne ta kafa iyaka tsakanin abin da ya faru da abin da aka ƙaga, tun kafin su cakuɗe. A nan ne hanyar da Salifou ya bi ta fi burge ni. A kan Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Zandar, ya ƙera igwa, ya rasu a 1884, ya yi rubutu iri biyu, ya kuma raba su. A littafin tarihi ya kawo madogararsa, ta bakin dattawa da ta takardu, yadda duk mai ja zai san inda zai kama. A wasan kwaikwayo kuma ya sa wa sarkin kalmomi a baki, kowa ya san na marubuci ne. Wanda ya yi haka ya rage wa kansa rabin rigima, domin ya gaya wa mai karatu tun farko irin alkawarin da ke tsakaninsu.

In ana son a ga yadda abin yake idan mai suka yana ƙofar gida, sai a dubi Kano, wadda tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Zandar, wadda kuma littattafanta suka daɗe suna tsallako iyaka tare da atamfa da kaset. Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya, matasa da matan aure suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Wanda ya taɓa riƙe irin littafin nan ya san shi: siriri ne, takardarsa mai araha, an haɗa shi da ƙusar waya biyu, labarin ya katse a daidai inda rai ya fi so don a sayi na biyu da na uku, a bango ko a shafin ƙarshe kuma ga adireshin marubuci a fili. Wannan adireshi shi ne ya bambanta su da marubutan Faris. Wasiƙu suna zuwa, na yabo da na zagi, mai ba da hayar littafi a unguwa kuma yana gaya wa dillali wanda 'yan mata suka yi rububinsa da wanda aka dawo da shi tun ba a kai rabi ba. A sama da wannan sai ga sukar masana. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya yi wa wannan rubutu laƙabi da adabin kasuwar Kano, yana ganin ba shi da zurfi kuma ba zai daɗe ba. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka shiga muhawarar, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu. Marubuta da yawa sun ji haushi, amma muhawarar ce ta sa jami'o'i suka fara ɗaukar littattafan da muhimmanci, ita ce kuma ta tilasta wa wasu marubutan gyara ƙa'idar rubutunsu da faɗaɗa jigonsu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu sun fito ne cikin wannan hayaniya, suna nan kuma har yau. Na biyun ma an fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

Mai ja zai ce a ƙarasa labarin Kano mana. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan hikaya ta cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista su riƙa kawo aikinsu a duba kafin a buga. Ashe ke nan sukar gida tana iya ƙarewa da ashana. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma ba a amsa shi da cewa marubuci ya yi haƙuri. Amsar ita ce abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai mutumin da ya karanta, ya sa yatsa a kan shafi ya ce nan ka yi kuskuren shekara, nan ka sa Bafulatana tana magana kamar 'yar birni, nan ka kashe tauraronka don ka rasa yadda za ka yi da shi. Wannan ko da gatse ya faɗa, bashi ne a kan marubuci, sai ya biya, ko dai da gyara ko da hujja. Akwai kuma wanda abin da yake ja a kai shi ne ko kana da ikon buɗe baki tun farko, don kai ba ɗan gidan sarauta ba ne, ko ke mace ce, ko maganar ta shafi manya. Shi wannan ba ya kawo shafi, sau da yawa ma bai ga littafin ba, labarinsa ya ji. Gyara ba ya gamsar da shi, domin ba kuskure ne ya dame shi ba. Marubucin da ya kasa rarrabe su yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya ɗauki kowane mai gyara a matsayin maƙiyi ya daina ji, ko ya ɗauki kowane mai tsawa a matsayin alƙali ya daina rubutu. Tambaya ɗaya takan raba gardama, a yi ta cikin ladabi: a wane shafi ne? Ba ta hana mai iko yin abin da ya yi niyya, wannan sai ƙungiyar marubuta da doka. Amma tana hana marubuci ɗaukar wa kansa laifin da bai yi ba.

A Zandar wannan tambaya ta fi wuyar yi fiye da Kano, saboda gari ne da aka san kakan kowa. Wanda ya rubuta labarin 1906, shekarar da Faransawa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Bassa da shirya musu tawaye suka tuɓe shi, yana rubutu ne a kan mutanen da jikokinsu ke zaune a Birni, wasu ma suna sallah sahu ɗaya da shi. Wane ne ya kai rahoto, wane ne ya ci riba, waɗannan ba tambayoyin takarda ba ne kawai a garin. Suka a irin wannan wuri ba kasafai take zuwa a rubuce ba. Takan zo ne ta bakin kawu da aka aiko bayan magariba, ya zauna a zaure, a gaisa a tambayi iyali, a yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, an ce ka yi wani rubutu." Ko ta zo da habaici a wajen ɗaurin aure, ko a fadar matasa ana zuba shayi na biyu wani ya ce ai wane yanzu ya zama Bature. Kunya tana hana marubuci ya ce wa kawunsa ya nuna shafi. Amma yana iya ɗauko littafin ya ce: "Kawu, bari in karanta maka wurin, ka ji da kunnenka." Sau da yawa a nan ake gane cewa abin da ake yawo da shi ba shi ne a rubuce ba. Wani lokaci kuma a nan ne dattijon zai ce ai wancan da ka ambata ba ɗan wane ba ne, ƙaninsa ne, marubuci ya sami gyaran da babu wani edita a duniya da zai iya ba shi. Masu fasahar baka na garin sun daɗe da sanin wannan zama. Ma'azu Ɗan Alalo a gaban masu abin yake waƙarsa, 'yan wasan kwaikwayon Zandar na zamanin Yazi Dogo kuma da Hausa suke taɓa ma'aikaci mai cin hanci da maigida azzalumi, washegari su haɗu da irinsu a Kasuwar Dole. Ba su mutu ba, kuma sun koyi inda ake faɗin magana kai tsaye da inda ake sakaya ta. Marubucin littafi ne kaɗai ya saba da a yaba masa daga nesa.

Suka mafi araha ita ce wadda aka sha kafin a kai aiki maɗaba'a. Marubutan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 ta Zariya, su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun bi ta hannun Rupert East, kuma duk abin da za a ce game da manufar hukumar da yake wa aiki, littattafan sun fito a tace. Matashin da ke rubutu yau a Zandar ko Mirriya ko Magarya yawanci ba shi da kowa a wannan matsayi. Yana rubutawa a waya, ya saki babi a WhatsApp, kafin gari ya waye ya sami yabo ɗari da zagi goma, babu ko ɗaya a ciki da ya gaya masa cewa babi na uku ya saɓa wa na farko. Yabon ya fi zagin haɗari, domin shi ne ke sa mutum ya kwashi jikkunansa ya kai wa mai buga littafi aikin da bai nuna ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nemo wa kansa masu tacewa: malamin Hausa ɗaya don ƙa'idar rubutu, dattijo ɗaya da ya san zuriyoyi in labarin ya taɓa tarihi, da mai karatu ɗaya da ba ya jin nauyinsa. Jami'ar garin, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, wuri ne da ya kamata irin wannan aiki ya sami gindin zama.

Lamarin ya ƙara matsowa tun daga 2025, lokacin da sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. A Zandar ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, amma shekara hamsin bayan haka masu iya karatu a ƙasar ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ba, don haka ba doka ce za ta haifar da masu karatu cikin dare ɗaya ba. Duk da haka, duk littafin Hausa da ya fito daga Damagaram yanzu zai faɗa hannun masu suka iri biyu da magabata ba su fuskanta ba. Na gida za su auna shi da abin da suka sani na garinsu. Na Najeriya kuma, inda babbar kasuwar take, za su auna shi da daidaitacciyar Hausar da aka gina a kan karin Kano, su ce lakwal da mushe da lokotoro ba Hausa ba ne, su yi tuntuɓe da ƴ da tsarin rubutun Nijar ke sawa a inda suka saba ganin 'y. Sukar farko tana da shafi, ana bin ta a duba. Ta biyu rabi da rabi ce. In marubuci ya rubuta kalma ɗaya iri uku a babi guda, mai gyara ya yi gaskiya. In kuwa direban tasha a Zandar ya yi magana a littafi yadda direban tasha a Zandar yake magana, to marubucin ne ya yi daidai, mai karatu a Kano kuma zai saba, yadda mai karatu a Zandar ya saba da Hausar Fagge shekara talatin ba tare da an nemi ra'ayinsa ba.